Aiki ya gama a Slurm amma ya ƙi sakin na'ura, ya tsaya a CG

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da wani ɗan ƙaramin taron kwamfutoci a wurin aikinmu a Yaba, na'ura 6, biyu daga ciki masu katin GPU, manhajar Slurm ke raba musu aiki. Jiya da yamma aka ɗauke wuta, janareto ya karɓa kamar kullum. Yau na fito daga gosulo na iso ofis wajen ƙarfe goma, na buga squeue don ganin layin ayyuka, sai ga ayyuka 4 a CG (wato completing, matakin kammalawa) tun daren jiya. Masu ayyukan sun ce lissafinsu ya kai ƙarshe. Amma na'urorin na riƙe, wasu ayyuka 11 na layi suna jira. Na yi scancel don soke su har na gaji, ko gezau. A sinfo -R kuma na'ura uku sun shiga drain, wato sun daina karɓar sabon aiki, dalilin da aka rubuta "Kill task failed". Oga yana ta leƙowa. Don Allah a taimaka.

Na Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Kuna da epilog, wato shirin da Slurm ke gudanarwa bayan kowane aiki? Mu namu ya taɓa maƙalewa wurin share /tmp, kuma muddin bai fita ba aikin ba zai bar CG ba. Duba slurmd.log na na'urar. Ka kuma duba agogonsu, don munge, mai tantance saƙonnin da ke tsakanin na'urori, ba ya son tazarar lokaci, takardar shaidarsa minti 5 kawai take yi.

Ɗan Agege:
Babu epilog ko ɗaya, Malam. Agogo kuma daidai suke.

Tsohuwar Ma'aikaciya:
Ƙanena, daina wahalar da scancel. CG na nufin Slurm ya riga ya yanke cewa aikin ya ƙare, yana jiran ragowar shirye-shiryensa su mutu ne kafin ya ba wani na'urar. Idan ya aika umarnin kashewa na SIGKILL ya jira UnkillableStepTimeout, wanda daƙiƙa 60 ne in ba ka canza ba, abin bai mutu ba, sai ya ɗaga hannu ya rubuta saƙon nan da ka gani. To me zai ƙi mutuwa da SIGKILL? Kusan kullum shirin da ya maƙale yana jiran faifai ne.

Shiga ɗaya daga cikin na'urorin ka buga ps -eo pid,stat,cmd, ka nemi mai D a layin stat, alamar shirin da ya maƙale haka ke nan. Sannan dmesg. In ka ga "nfs: server ... not responding, still trying", ka kama ɓarawonka. NFS, wato ajiyar da na'urori ke rabawa daga saba guda, in an ɗaura shi da hard ba ya haƙura, zai yi ta jiran saba ko da kwana uku ne. Kuma tunda ka ambaci janareto, ina tambaya: sabar ajiyarku tana kan UPS kuwa? Na sha ganin an saya wa na'urori masu tsada batir, an bar wadda ke riƙe da bayanan kowa a soket ɗin bango.

Mai Shayin Obalende:
Ni dai gajeriyar hanya nake bi. scontrol update nodename=kaza state=down reason=komai, sannan state=resume. Nan take CG ke ɓacewa.

Tsohuwar Ma'aikaciya:
Zai ɓace daga squeue, haka ne. Amma shirin yana nan a na'urar riƙe da memori, wataƙila har da na GPU, sabon aikin da ya hau zai tarar da shi. Kuma down na kashe duk wani aiki mai lafiya da ke gudana a wurin. Sai in ba yadda za a yi, kuma a sake kunna na'urar kafin resume.

Ɗan Agege:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Shirye-shirye 7 na samu a D, duk suna ƙoƙarin rubutu a /data. Sabar ajiya ta mutu a 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗauke wuta da tashin janareto, ta kunna kanta, amma nfs-server bai tashi ba. Ashe ranar da na haɗa ta start kawai na yi, ban yi enable ba don ya riƙa tashi da kansa. Laifina ne, ba na kowa ba. Ina tayar da shi, bayan kamar minti biyu ayyukan suka fice da kansu. Drain ɗin ne kawai sai da na yi resume da hannu. Batun UPS kuma na rubuta wa oga, ya ce sai wata mai zuwa, don haka na ciro na teburina na jona mata.