Kwana uku a Saint-Cirq-Lapopie da suruka da jariri, babu mota: zai yiwu?

Baban Haidar: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa zuwa. A Tuluz ta ƙasar Faransa nake zaune. Hajiya, mahaifiyar maiɗakina, ta zo mana zaman jego daga Kano, saura mata mako uku ta koma, kuma tun da ta sauka ba ta ga komai ba sai falo da asibiti da kanti. Ta ce ita birni bai dame ta ba, gona da ruwa take son gani. Wani abokin aiki ya nuna min Saint-Cirq-Lapopie, ƙauyen nan da ke kan dutse a saman kogin Lot, gabas da Cahors. Mu huɗu ne har da jariri ɗan wata biyu. Ba ni da mota, Hajiya na fama da gwiwa, kuma yuro 400 na ware na kwana uku a watan Yuli. Mu kama masauki cikin ƙauyen, ko mu kwana a Cahors mu riƙa shiga bas?

Ɗan Zongo: Ka kai ta Paris ta ɗauki hoto a gindin hasumiyar Eiffel. Shi za a tambaye ta in ta koma gida.

Mai Keke: Wurin ya haɗu wallahi. Ku hau kwale-kwale a kogin Célé, ku wuni kuna tuƙi, in kun gaji ku faɗa ruwa. Yuro 18 na biya. Gobe kuma ku yi hayar keke.

Maman Ikram: Mai Keke, ka karanta kuwa? Tsohuwa mai ciwon gwiwa da ɗanyen goyo za ka ɗora a kwale-kwale? Kuma 18 ɗin a wace shekara? Mu kusan 30 muka biya kowane mutum.

Mai Keke: Na rabin wuni ne nawa, Hajiya. Ke wataƙila doguwar hanya kika ɗauka.

Bakatsine: Ikon Allah. Mun baro ƙauye da ƙyar, yanzu kuma ana biyan yuro a je kallon ƙauye. Ka turo ta garinmu, akuya da dutse kyauta ne.

Malam na Limoges: Shekara 22 ina ƙasar nan, bari in gaya maka gaskiya. Ƙauyen kansa mutanensa wajen 200 ne kawai, amma tun da aka zaɓe shi ƙauyen da Faransawa suka fi so a wani shirin talabijin a 2012, lokacin zafi sai ka ce kasuwar Kwari. Yana saman dutse kusan mita 100 daga bakin kogi, lungunan duk dutse ne da gangara. Bas ɗin Cahors zuwa Figeac yana sauke mutum a Tour-de-Faure, a ƙetaren ruwa, daga nan sai ƙafa da hawa. Hajiya ba za ta iya ba. Abin da ya dace da ita yana Bouziès, wani ƙauye da ke kusa a bakin kogin: akwai hanyar da aka sassaƙa a jikin dutse tun ƙarni na 19, inda dabbobi ke jan jiragen kaya a da. Shimfiɗaɗɗiya ce, dutse ya yi maka rumfa, ruwa na gefenka. Akwai kuma jirgin ruwan yawo da ke tashi daga nan, tana zaune za ta hango ƙauyen a sama. Amma ka nemi mota.

Hadiza ta Bordo: Ni dai ko sunan yankin nan na ji sai raina ya ɓaci. Bara muka je, ni da maigida da yara biyu, mu ma a bas. Mun kama wani gida a gefen wani ƙauye, hotuna kamar aljannar duniya. Abin da ba a rubuta ba, kanti mafi kusa tafiyar kusan awa guda ce a ƙafa. Mun isa ranar Lahadi da rana, ko'ina a rufe. Gidan abinci ɗaya da muka samu ya ce ƙarfe 2 ta wuce, an kashe wuta sai dare. Da daren muka koma, na ce a ba ni salak kawai don in tsira, sai ga shi an barbaɗe shi da 'yan yankan naman alade. Biskit yarana suka ci suka kwanta.

Ranar komawa muka duba jadawalin bas, ashe na ranakun makaranta muka karanta, lokacin hutu an rage. Muka tsaya a bakin titi cikin rana har ƙaramar ta fara amai. Tasi ɗaya ce a yankin, sai da ta gama da wani fasinja ta zo, yuro 95 zuwa Cahors.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai gidan ta karɓi 300 kuɗin ajiya. Bayan mako guda ta turo min hoton katakon ƙasan banɗaki, wai ya kumbura, mun jiƙa shi. Alwala fa kawai muke yi, kuma ina gogewa da tawul kowane lokaci. Ta ƙara da cewa kicin yana wari, sai da ta wanke labule. Daddawa ce na saka a miya sau ɗaya tak. Ta riƙe 180. Na rubuta takarda, na sake rubutawa, shiru har yau. Allah ya isa.

Maman Ikram: Kai, sannu Hadiza. Shi ya sa ni ko ina na shiga sai na ɗauki bidiyon kowane lungu kafin in ajiye jaka.

Ɗan Zongo: Daddawa ta ci tarar yuro 180, lallai ta yi daraja a Turai.

Hadiza ta Bordo: Ba abin dariya ba ne, bawan Allah. Kuɗin makarantar ƙanina ne a gida.

Mai Keke: Tasi 95? An cuce ku. Ni 55 na biya.

Hadiza ta Bordo: Kai kaɗai da rana tsaka ba. Mu da yamma ne, kuma daga nesa ta taso.

Injiniya: Baban Haidar, kada ka bar Pech Merle, kogon da ke Cabrerets. Wasu samari ne suka gano zanen cikinsa a 1922: dawakai masu ɗigo-ɗigo da tafin hannun mutane, an ce sun kai shekara 29,000. Mutum 700 kawai ake bari su shiga a rana, don haka sai ka kama tikiti tun da wuri. Ciki da sanyi, a tafi da rigar ɗumi.

Malam na Limoges: Akwai matakala a kogon. Injiniya, ka taɓa shiga ne ko a intanet ka gani?

Injiniya: Na shiga a bara, Malam. Kai yaushe rabonka da can? Shekara 22 a ƙasa ba ita ce sanin jadawalin bas na bana ba.

Malam na Limoges: Dutse dai bai sauya wuri ba tun zuwana, ɗana. Gwiwar tsohuwa ma haka.

Maman Ikram: Ku bar musu. Ni a ganina wanda ya taɓa yawo da jariri da tsohuwa shi ya kamata a saurara. Baban Haidar, ku kwana Cahors. Jirgin ƙasa daga Tuluz awa ɗaya da 'yan mintuna ne, akwai kantuna, akwai kemis, kuma gadar Valentré mai hasumiya uku tana kusa da tasha, Hajiya za ta taka ta a hankali. Ku ware rana ɗaya ku yi hayar mota zuwa Bouziès. Ku dafa abincinku ku tafi da shi a kula, da tabarma da buta. Keken jariri ba ya tafiya a lungunan nan, goyo ya fi. In kun zauna cikin ciyawa ku duba jikinku da dare, akwai kaska. Kuma ka gaya wa Hajiya magariba sai wajen tara da rabi, kada ta ce agogo ya lalace.

Baban Haidar: Na gode Maman Ikram. Matsalar, lasisina na gida ne, kuma na wuce shekara guda a nan.

Injiniya: In da katin ɗalibi kake zaune, yana aiki har ka gama karatu. In ma'aikaci ne kai, shekara ɗaya ce kawai.

Baban Haidar: Ma'aikaci ne.

Bakatsine: To, jaki ya rage.

Ɗan Damagaram: Ku yi haƙuri in yi tambaya. Baban Haidar, yaya ka yi Hajiya ta samu biza? Ni matata ta haihu tun watan azumi, tsohuwata ba ta ga jikanta ba sai a waya. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, mu 'yan Nijar komai ya tsaya mana. Na yi takardar masauki a ofishin magajin gari, na biya tambarin yuro 30, ta ƙare a aljihuna ba a yi amfani da ita ba.

Hadiza ta Bordo: Ko an karɓa ma fa? Kuɗin biza yanzu yuro 90 ne, kusan jikka 59 na sefa. Yayata sau biyu tana biya, sau biyu ana ƙi, wai ba a tabbatar za ta koma ba. Mace mai 'ya'ya bakwai da shago a kasuwa! Kuma ko sisi ba a mayarwa.

Malam na Limoges: A zamaninmu ba haka abin yake ba.

Ɗan Zongo: Malam, zamaninku ai da raƙumi aka zo.

Baban Haidar: Ɗan Damagaram, zan yi maka bayani a gefe, mu ma wata huɗu muka yi muna neman ranar ganawa kawai. Amma jama'a, har yanzu ba wanda ya ce min ko 400 ɗin za ta isa in an haɗa da tasi zuwa Bouziès.

Ɗan Damagaram: Wata huɗu? Da kanka ka samu ranar ko ta hannun masu sayarwa? Don ni wani ya ce in ba shi jikka 150, kuma ban san ko ɗan damfara ba ne.