Neman kalma: me za mu kira "fuwal filta" ta motar dizal?

Tafintan Jidda: Salamu alaikum jama'a. An ba ni takardar kula da motoci in mayar Hausa saboda direbobinmu, gobe bayan azahar za a raba. Motocin duk a-kori-kura ne, Hilux da Isuzu masu shan dizal. Inda na maƙale shi ne abin nan da ke tsakanin tanki da famfon inji, mai tare datti da ruwa. Bature ya ce fuwal filta, Larabcin takardar ma "filtar dizal" ya ce. Na sa "matatar mai" amma raina bai kwanta ba.

Malamar Misfala: Wa alaikumus salam. Cire matata, Malam. Matata wuri ce, kamar mahauta da majema, kuma duk wanda ya ji matatar mai, ta Kaduna ko ta Yanbu zai tuna. Kayan aiki da "i" yake ƙarewa: mabuɗi, madubi, magirbi. Mataci ke nan. Matacin dizal.

Direban Ɗa'if: Ga kuma wata, ba ma rubuta karin sauti. Ranar da direba ya tura saƙo "na je canza matata", Allah kaɗai zai raba shi da uwargida.

Bakaniken Sana'iyya: Mu dai filta muke cewa. Amma Malam Tafinta, kada ka bar shi "matacin mai" tsura. Na man juye daban, wanda 'yan nan Saudiyya ke kira sifon, kada yaro ya je ya kwance wanda ba shi ba. Kuma na dizal aiki biyu yake yi. Ruwa ya fi dizal nauyi, sai ya kwanta a gindinsa, in ya taru fitila ta kama a gaban direba. Akwai ɗan murfi a ƙasa da ake sassautawa a tsiyaye shi. Sababbin injinan nan matsin mansu ya haura 1,500 a ma'aunin matsi na "bar", ɗan ruwa ko yashi kaɗan ya isa ya cinye nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, kuma kuɗin nozul ba wasa ba ne. Wajen canzawa: a kashe mota, a zare wayar sensa, a tsiyaye, a kwance tsohon, a shafa dizal a sabuwar robar, a ɗaure da hannu ba da ƙarfin sifana ba. Sannan a yi ta danna famfon da ke samansa har ya yi tauri. In ba a fitar da iskar nan ba, sai ka kashe batir motar ba ta tashi ba.

Baba Mai Ƙamus: Filta! Sifon! Wannan ai bara ce da kwanon zinariya. Ni na daɗe da raɗa masa suna: ƙodar inji. Ƙoda tana tace jini ta fitar da ruwa, shi ma haka. Mataci na koko ne.

Direban Ɗa'if: Allah ya gafarta Baba, in mota ta fara shaƙewa a hawan dutsen Hada na hanyar Ɗa'if, in ce wa yarona ya sayo ƙoda? Ai mahauta zai nufa.

Baba Mai Ƙamus: Sai a koya masa. "Jirgin sama" ma wani ne ya fara faɗa.

Ɗan Mai Wurno: Mu a Sudan masfa muke cewa, dizal jaz, motar kuma boksi. Kowa ya gane, ba rigima.

Baba Mai Ƙamus: Ɗana, ku Larabci ya riga ya cinye muku harshe. Hausar Kano ake nema.

Ɗan Mai Wurno: Haba Baba. Kakanninmu sun baro gida bayan yaƙin Burmi a 1903, suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har yau da Hausa ake mana faɗa a gida. Littafi da alƙalami da kuke faɗa a Kano daga ina suka zo? "Inji" ɗin da ke cikin kalmarka fa, ta gadon wa ce? Kuma a Kanon ai gas ake ce wa dizal, a rubuta haka a nan wani ya ɗauko tukunyar girki.

Malamar Misfala: Kullum haka ne, mu da aka haifa a nan in muka buɗe baki sai a ce Hausarmu ta gurɓata. To ƙa'idar "ma" da na kawo, an samu kuskure a ciki?

Baba Mai Ƙamus: Ƙa'idarki daidai ce, 'yata. Kalmar ce ba ta da armashi.

Tafintan Jidda: Jama'a a yi haƙuri, dare ya yi. Na rubuta "matacin dizal", wurin farko na ƙara da cewa shi ne filta, don mai kantin kayan gyara ba ya jin Hausa. Na man juye kuma "matacin baƙin mai". Oga Bakanike, ɗan famfon nan na sama fa?

Bakaniken Sana'iyya: Famfon cire iska. Ka ƙara musu da cewa in mota ta tashi a leƙa ko yana yoyo. Amma a gareji filta zan ci gaba da cewa.

Baba Mai Ƙamus: Ku rubuta abin da kuka ga dama. A ƙamusuna ƙoda ce.