Wai kalar keke tana ƙara wa mutum son hawa? Masu keke ku ba mu labari

Abba Ɗorayi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe suna hawa keke. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mashin ɗina yana daɗewa a zaure fiye da kan titi, shi ne na ce bari in nemi keke na gwanjo in riƙa zuwa shago da shi, ga motsa jiki kuma. Na samu guda biyu wajen mutum ɗaya, kuɗinsu kusan ɗaya. Ɗaya ruwan toka ne, giyarsa ta fi lafiya, ɗayan shuɗi ne mai ɗan duhu da farin layi a jiki, wallahi tun da na ɗora ido a kansa hankalina ya ƙi barin wajen. Abokina da ya raka ni ya ce wannan ai yarinta ce, kala ba ta tuƙa keke. Ni kuma tsorona kar in sayi wanda raina bai kwanta da shi ba ya ƙare a jingine a bango. Wanda ya taɓa samun kansa a haka ya faɗa mana yadda ta kaya.

Baban Khalifa, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗana ba yarinta ba ce, abu ne da muka taso muka tarar. Mahaifinmu Allah ya ji ƙansa malamin firamare ne, kekensa Raleigh ne baƙi wuluk, irin na Nottingham ta Ingila ɗin nan mai tambarin kan tsuntsu a gaba, da siraran layukan ruwan gwal a jiki. A wancan lokaci baƙin keke shi ne na dattijo mai kamala, sai kuma wanda ake kira farin keke, wanda duk jikinsa ƙarfe ne mai walƙiya, shi kam idan saurayi ya shigo unguwa a kansa sai yara sun bi shi. Da aka kawo wa baba nasa sabo bai yarda an cire takardar da kamfani ya naɗe ƙarfen da ita ba, da ta yage sai ya sa aka naɗe da leda mai kala, duk don kar fentin ya kwarzane. Ranar Juma'a da safe aikina ne in wanke shi, in bi layin gwal ɗin nan da tsumma a hankali, in goge wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya, kuma sai ya zo ya duba kafin ya hau zuwa masallaci. Mutumin da ko unguwar kusa zai je sai ya fito da keken. Yanzu ni ma na yi ritaya, nawa kore ne mai duhu, ni na zaɓe shi da kaina cikin baƙaƙe da yawa, da shi nake zuwa gona bayan asuba, kuma akwai ranakun da gwiwa take cewa a zauna amma ganinsa a tsakar gida yana sheƙi sai in ji ba zan iya barinsa ba.

Mai Faci, Gusau:
Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in yi magana a matsayina na wanda keke ke ciyar da shi. Malam Abba, abokinka bai yi ƙarya ba, kala ba ta ƙara gudu ko ta taƙi ɗaya. Sai dai abin da nake gani kullum a rumfata shi ne wanda yake son kalar kekensa shi ne yake kawo shi tun birki ya fara ƙara, shi ne yake zuba wa sarƙa mai, shi ne ba ya barinsa a ruwan sama ya kwana. Wanda aka ba shi ko ya saya don dole kuwa sai komai ya lalace yake turo shi. To ka ga keken da ake kula da shi dole ya fi daɗin hawa, ta nan kalar take shigowa.

Amma Malam Abba ka yi hattara da gwanjo mai sabon fenti, wani kyan ɗan maciji ne. Ana fesa fenti a rufe tsatsa ko tsagewa. Ka kifa keken ka duba ƙasan inda feda take, da wuyan da ke riƙe kan keken, da duk inda aka yi walda. In ka ga fentin ya yi kumburi kamar ƙuraje to tsatsa ce a ƙasa, in ka ga siririn layi kusa da walda ka bar shi ko kyauta aka ba ka. Ka duba kan kusoshi da wayar birki ma, in fenti ya hau kansu to a nan aka fesa ba daga kamfani ba. Game da kala kuma ga abin da na lura: ja shi ya fi saurin koɗewa a ranarmu, baƙi yana nuna ƙurar hunturu ko yanzu ka goge, fari kuma giris da jar ƙasa suke ɓata shi. Ruwan toka da azurfa su ne masu rufin asiri.

Maman Hadiza, Maraɗi:
Ni labarin 'yata zan ba ku. Yayanta ya girmi kekensa, baƙi ne duk ya kwarzane, muka ce ta riƙa zuwa lakwal da shi, yarinyar nan ta ƙi fur, ta gwammace ta taka da ƙafa cikin rana wai keken maza ne ƙawayenta za su yi mata dariya. Babanta ya so ya yi faɗa na ce ya bari. Na kai ta kasuwa na ce ta zaɓi fenti da kanta, ta ɗauki ruwan hoda, mai gyara ya goge tsohon fentin ya fesa, ya sa mata kwando a gaba. Wallahi keken nan dai shi ne, taya ɗaya sirdi ɗaya, amma yanzu ko gishiri zan aika a sayo ita ce take fara miƙewa, kuma ba ta bari ƙannenta su taɓa. Na taɓa zuwa Wagadugu biki, can mata a kan keke ba abin kallo ba ne, manya da yara, wasu da goyo a baya da kaya a kan kariya, tun lokacin nake so 'yata ta iya kuma ta so abin, ashe gwangwanin fenti ne ya rage.

Sadiq, Abuja:
Hajiya Allah ya raya ta. Mu da muke fita a ƙungiya ranar Asabar da sassafe maganar kala ba ta ƙarewa a tsakaninmu. Nawa ruwan lemun tsami ne mai ɗaukar ido, da farko don direbobi na zaɓe shi, saboda da baƙi nake hawa kuma na sha jin mota ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, musamman lokacin hazo. Ba zan ce kala kaɗai ta gyara wannan ba don na haɗa da riga mai haske, kuma gaskiya rigar ta fi aiki tunda jikin mutum ya fi ƙarfen keke faɗi. Amma natsuwar da na samu ta sa na daina neman uzurin fashi. Abu ɗaya dai, in magariba ta yi babu kalar da za ta cece ka, ja ne ko shuɗi duk baƙi suke komawa, sai fitila gaba da baya da abin nan mai ƙyalli in hasken mota ya doke shi. Kuma Abba ka gaya wa abokinka su kansu kamfanonin sun san abin da kala take yi wa zuciya. Bianchi na Italiya tun 1885 suke ƙera keke, kuma abin da duniya ta fi sanin su da shi wata kala ce tsakanin shuɗi da kore mai haske, daga nesa za ka gane nasu ne, akwai masu tara kuɗi shekara da shekaru don su mallaki wannan kalar.

Ɗan Ladi mai kaji:
Ni fa ban yarda da ku duka ba. Phoenix ɗina ɗan China da nake ɗaukar kejin kaji a kai kasuwa-kasuwa, yau Wudil gobe wani gari, in ka tambaye ni kalarsa sai na tsaya na duba don fentin ya tafi tuntuni, kuma kullum sai na hau, abin da za a ci ne yake tayar da ni ba kala ba. Sannan keke mai ɗaukar ido ɓarawo ma yana da ido. Maƙwabcina ya sayi ja sabo fil, a ƙofar masallaci aka ɗauke. Nawa ko a tsakiyar kasuwa na jingine babu mai kallonsa, wannan kwanciyar hankalin ita ce jin daɗina. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Baban Khalifa, Zariya:
Ɗan Ladi maganarka tana kan hanya, wanda keke ne jarinsa ba ya jiran sha'awa. Amma shi Abba yana da mashin a zaure, duk safiya yana da zaɓi, irinsa ne yake bukatar abin da zai ja shi. Kuma ko cikin 'yan kasuwa ai muna ganin masu ɗaura ulu ja da rawaya a kan keke, da madubi biyu, da roba mai geza a sirdi, su ma ai zuciya suke faranta wa.

Ɗan Ladi mai kaji:
Haka ne Baba, ulun kam nima akwai shi a nawa, uwargida ce ta saƙa. Batun kulle dai nake jaddadawa, in zai ɗauki shuɗin ya sayi sarƙa da kwaɗo mai kyau a ranar.

Ummi, ɗaliba:
Ni amfanin da na gani daban ne. A makarantarmu wajen ajiye kekuna kusan duk baƙaƙe ne iri ɗaya, in an tashi sai ka ga mutum yana bi yana duba sirdi. Nawa ruwan goro ne, tun daga bakin aji nake hango shi, kuma mai gadi ma ya san nawa ne, da wani zai tura shi sai ya tambaya. To wani lokacin kalar da ta fita daban tsaro ce.

Abba Ɗorayi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gaskiya shuɗin nake so. Mai Faci abin da ya rage min shi ne giyar, tana tsallake in na taka da ƙarfi, shi ya sa nake ɗari-ɗari. Wannan babban aiki ne?

Mai Faci, Gusau:
Yawanci ba babba ba ne. Ko waya ce ta saki a ɗaure ta a saita, ko sarƙa ta buɗe, ko haƙoran baya sun cinye, duk ana samunsu a kasuwa kuma in za ka canja sarƙa gara ka haɗa da haƙoran don sabuwa ba ta zama daidai a kan tsoho. Giya ana gyarawa da kuɗi kaɗan, fentin kamfani kuwa in ka rasa shi na feshi ba ya kai shi ƙarko. Ka tafi da mai gyara na unguwarku ya duba ƙarfen kamar yadda na faɗa, ka hau ka zagaya ka tabbatar tsayinsa ya yi maka, ƙafarka tana miƙewa sosai ba ka takure ba, don keken da ya yi maka kaɗan ko wace kala ce bayanka zai sa ka ajiye shi. In duk wannan ya yi, ka nuna wa mai sayarwa giyar ya rage maka kuɗin gyara, ka ɗauki shuɗinka.