Batir na mutuwa in na aje mota kwana huɗu, mi ke shanye shi?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salam 'yan uwa, don Allah masu sanin mota ku taimaka mani. Corolla gare ni 2008, tun da mai ya yi tsada na koma hawa mashin zuwa aiki, ita sai Juma'a ko in za ni Daura gaida Hajiya. To matsalar in ta kwana huɗu ko biyar a aje, in na murɗa makulli sai dai ka ji ƙat ƙat ƙat, fitilun dashbod su dushe, shi kenan. Amma in kullum nike hawa lafiya lau, kik ɗaya take tashi. Batirin bai wuce wata huɗu da saye ba. Juma'ar da ta wuce na sha farar shadda sai ga ni ina roƙon yaran layi su tura ni, wlh har kunya na ji.

Baban Amira:
Wslm. Malam batirin ne kawai, jabu sun cika gari, ka maida masu abinsu.

Oga Mai Waya:
Baban Amira yi haƙuri, kar ka sa shi faɗa da mai shago tukuna. Aikina ne wannan, kuma sau nawa mutum zai canza batir biyu uku alhali ɓarawon na cikin motar. Alhaji nemi mitar awon wuta (multimeter) ko aro ne. Da safe kafin ka tada ta auna kan batirin, mai lafiya da ya cika volt 12.6 zai nuna, 12.2 rabi ne ya rage, ƙasa da 12 kuwa ya kwanta. In ta tashi sake aunawa, ka ga 13.8 zuwa 14.5 to altaneta, wato mai cajin batir in mota na tafiya, na caji.

Sai babban gwajin. Kashe komi, zare makulli, rufe ƙofofi, ka kwance kan nagetif (mai alamar −) da sifana lamba 10, ka maida mita kan 10A, wato awon amfiya, yawan wutar da ake ja, tsinke ɗaya bisa kan batir ɗaya jikin wayar da ka cire. Kar ka yi gaggawar karantawa don kwamfutar motar ba ta barci nan take, ba ta kamar minti 20 zuwa 30. In ta natsu bai kamata ya wuce 0.05 ba. In ka ga irin 0.4 ko 0.5 to yi lissafi da kanka, 0.5 sau awa 24 shi ne 12 a rana, batirinka in mai 60Ah ne kwana biyar ya ƙare tas, kuma tun kafin nan ma ba zai iya juya kik ba. Daga nan sai ka riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya kana kallon mita, wanda ka zare lamba ta faɗo to layin nan ne. Amma don Allah kar ka kuskura ka yi kik mita na haɗe, ƙonewa za ta yi.

Maman Sadiq:
Hhh ni tawa fitilar but ce. Makunnin ya lalace, an rufe but tana nan kunne dare da rana ba wanda ya sani. Ɗana ne ya kunna bidiyo a waya ya jefa ciki ya rufe, da muka duba sai ga haske tar. Ɗan ƙwan nan da bai kai babban yatsa ba ya sa muka yi wata biyu muna zagin batir.

Direban Jibiya:
Ƙari kan na Oga, in ka zare fis duka lamba ba ta motsa ba ka duba altaneta. Akwai diyod ciki, masu hana wuta komawa baya, in ɗaya ya mutu tana caji da rana da dare kuma ta riƙa tsotse wutar a baya. Kuma ka goge saman batirin, ƙurar hunturun nan in ta haɗu da ruwan batir da ya zubo ita ma tana jan wuta kaɗan kaɗan. Sannan masu tada mota minti biyar da safe a silo wai suna ɗumama ta, wannan wahalar da batir ne kawai, abin da kik ya ci ma da ƙyar ya dawo. Gara ka hau ta ka yi rabin awa bisa titi, ko ka cire kan nagetif in za ta daɗe.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Jama'a na gode, Allah ya saka. Jiya bayan La'asar muka yi gwajin ni da ƙanena, 0.43 ta tsaya bayan rabin awa. Mun zare fis ya fi goma ba labari, muna zare na rediyo ta faɗo 0.03. Ashe rediyon nan mai allo da na sa aka ɗaura mani kafin Sallah ne, yaron ya murɗe jar waya da rawaya wuri guda ya ba su wuta kai tsaye, allon na mutuwa amma cikinta na nan farke. Baban Amira saura ƙiris in je in yi ma bawan Allah rashin mutunci a shagonshi. Oga Mai Waya, batirin ya mutu ya kai sau shida, zai farfaɗo kuwa?

Oga Mai Waya:
Jar ita ce ta makulli, rawayar ce kaɗai ke zama da wuta kullum, a raba su. Batir kuma duk mutuwa ɗaya sai ta rage mashi kwana, balle ga zafin garin nan. Kai shi wurin masu caji ya kwana kan ƙaramar wuta, in mai murfi ne a duba ruwa, ka dawo da shi ka aje kwana biyu ba tare da ka ɗaura ba sannan ka auna. In ya riƙe 12.5 ci gaba da hawa, in ya sauko kusa da 12 fara tara kuɗi.