Na Roƙa, Ba a Ba Ni Ba

Ɗan Adar, Tawa:
Salama gare ku. Wata biyu ke nan da rufe ɗiyata, shekararta 4, zazzaɓin damina ne. Ran Lahadi aka karanta Matiyu 7:7 a majami'a, amin ta ƙi fita bakina. Ga abin da ke cina.

Ni Ba'adare ne, ban iya roƙo ba,
Na yi ci-rani a Abijan, ban miƙa wa kowa hannu ba,
Na yi dako a Yamai, ban taɓa bara ba,
Ran da ciwo ya kama ɗiyata, ban san sa'ad da na durƙusa ba.

Kwana tara a bakin gadon likita ban runtsa ba,
Na ce ɗauki albasar bana, ban damu ba,
Ɗauki gonar, bar mini ita, ban ƙara komai ba,
Asubar na goma ta tafi, ko Baba ba ta ce ba.

An ce ku roƙa a ba ku, ashe ni ban roƙa ba?
Ku ƙwanƙwasa a buɗe, ƙofar ko motsi ba ta yi ba,
Kuma an ce Uba ya san bukata tun ba a faɗa ba,
To faɗin na mene ne? Ku amsa mini, ban gane ba.

Ɗalibi, Yamai:
Yaya, sannu da rashi, Ubangiji ya ba da haƙuri,
Yakubu 4:3 ta yi mana bayani tun fari,
Mai roƙo da mugun nufi kan dawo ba ko ƙwayar iri,
Binciki zuciyarka, ko shakka ce ta yi maka ɗauri.

Inna ta zumuntar mata, Tawa:
Kai yaro, sauke ayar nan. Karanta ta har ƙarshe, masu roƙo don su kashe wa sha'awarsu ake nufi. Ran ɗiya sha'awa ne?

Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya mai sukawa,
Shi da ya warkar da wasu, tasa ta ƙi fitowa,
Aka ce masa alherina ya ishe ka, ƙayar ba ta gusawa,
Shi ma shakka ce ta ɗaure shi? Yaro, rage gaggawa.

Getsamani da dare, almajirai uku barci na ɗaukewa,
Ɗan Allah da kansa, zufa kamar jini tana zubowa,
Ya ce Abba, ɗauke mini ƙoƙon nan in da yiwuwa,
Sau uku shi ma, gari ya waye ga gicciye ana ɗorawa.

Ɗana, ni biyu na rufe, ɗaya a goye, ɗaya yana rarrafawa,
Shekara guda in na durƙusa bakina ba ya buɗewa,
Sai nishi kawai, ina jin kunyar Allah ina ɓoyewa,
Sai na iske a Romawa 8 Ruhu ma da nishi yake roƙawa.

Ɗalibi, Yamai:
Inna, na yi kuskure. Yaya, ka yafe mini, na ɗora maka kaya kan kaya.

Ɗan Adar, Tawa:
Ba komai, ƙanena. Ni ma na tambayi kaina haka tun kafin ka faɗa.

Baba mai bishara, Galmi:
Na daɗe ina juya kalmar nan a raina. A wurinmu roƙo sana'a ce, akwai masu ita, ana gadonta. Shi ya sa ta yi wa Ba'adare nauyi a baki, kuma shi ya sa muke shiga addu'a da halin maroƙa ba mu sani ba. Ɗana, da ka ce ɗauki albasa ka bar mini ita, ban ga laifinka ba, kowane uba zai faɗi haka. Amma saurara.

Maroƙi na wasa mai gari don riga da doki,
Yana auna fuska, yana lissafin ladan aiki,
In an hana shi, zambo ya biyo, yabo ya koma miki,
Wannan ba addu'a ba ce, ɗana, sunanta ciniki.

Da Yesu ya koya mana, Ubanmu ya sa gaba kafin ya ambaci mulki,
Sannan abincin yini, tuwon yau kaɗai, ba rumbu ba, ba taiki,
Ɗa kan faɗa ɗakin ubansa ba kirari, ko da ƙura a jiki,
Ya ce Baba yunwa, Baba ciwo, ya ja riga, ya yi raki.

Bartimawus na bakin hanyar Yariko, ana ce masa rufe baki,
Yesu ya tsaya ya ce me kake so in yi maka, abin mamaki,
Wa bai ga makantar ba? Ya so ya ji daga mai ciwon daki-daki,
Mai bara ya taso, ya faɗi, ya bi shi, ya bar mayafi da tsohon aiki.

Ɗan Adar, Tawa:
Baba, na ji ku, amma makahon bai koma da duhunsa ba,
Hannatu ta yi kuka a Shilo, ba a hana ta Sama'ila ba,
Hezekiya an ƙara masa shekara 15, ɗiyata ko wata ba a ƙara ba,
Na yarda ni ɗa ne. To ɗa bai isa ya tambayi dalili ba?

Baba mai bishara, Galmi:
Ya isa, ɗana. Dalilin kuwa ba shi hannuna, ba zan ƙaga maka ba.

Zabura 13, har yaushe sau huɗu, Dauda bai sassauta ba,
Zabura 88 da duhu ta ƙare, ba a kuwa cire ta ba,
Me ya sa ka yashe ni, a gicciye aka faɗe ta, ba a ɓoye ba,
Ibraniyawa 5:7 ta ce an ji kukansa, ga shi ƙoƙon bai wuce ba.

An ji shi ran Juma'a, amsar ba ta zo ran Juma'a ba,
Sai Lahadi da sassafe, mata suka je ba su iske gawa ba,
Ni tsoho a nan na jingina, ban ga wani bango ba,
Kai ka yi ta tambayarsa, shi ne bai taɓa korar mai tambaya ba.

Inna ta zumuntar mata, Tawa:
Duk mun tsaya kan uba. Uwar yarinya fa, yaya take?

Ɗan Adar, Tawa:
Inna, ita ce ma ta sa na rubuto.

Tun ranar nan ko fura kirki ba ta sha ba,
Takalman yarinya na bakin ƙofa, ba ta yarda a kawar ba,
Jiya da dare na durƙusa, ban yi niyya ba,
Na ce Baba, ba ta barci. Ban iya ƙara kalma ba.

Inna ta zumuntar mata, Tawa:
Alhamis bayan la'asar muna tafe mu uku, zan dama mata kunu da hannuna. Kada kowa ya taɓa takalman nan.