Talauci Ne Ke Hana Mutanen Ƙauye Fitowa Taro?

Malam Habibu: Jama'a, ga magana, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ana ta bincike kan me ke hana mutanen karkara shiga ƙungiyoyi, zuwa taro da fita aikin gayya. Ni a wurina amsa ɗaya ce: talauci. Mutumin da in bai fita nema yau ba gobe ba a ɗora tukunya, ta ina zai zauna awa uku yana sauraron jawabi?

Hajiya Rakiya: Malam, ban yarda ba. Dubi bankin Grameen da Muhammad Yunus ya kafa a Bangaladash a 1983. Akasarin masu hulɗa da shi matan ƙauye ne da ba su da ko taƙin ƙasa. Rukunin mutum biyar-biyar ake haɗa su, kuma kowane mako suna zama. In talauci ne ke hana taro, ai da su ne farkon watsewa.

Malam Habibu: Haba Hajiya, ai rance ke kai su.

Hajiya Rakiya: To ka kawo kanka. Suna zuwa ne don zaman yana haifar da abin da za su gani a hannu. Talaka ba ya ƙin taro, taron banza yake ƙi, don shi lokacinsa ya fi na mai kuɗi tsada.

Aminu: Bari in sa baki. A Koriya ta Kudu, a 1970, gwamnatin Park Chung-hee ta raba wa ƙauyuka sama da 33,000 siminti, kowanne buhu 335, a yi aikin da zai amfani kowa. Duk matalauta ne, siminti kuma iri ɗaya. Kusan rabi suka yi abin kirki, sauran suka yi sakaci. Waɗanda suka yi aiki aka ƙara musu buhu 500 da tan guda na rodi. Malam Habibu, me ya raba su tun da aljihunsu ɗaya?

Malam Habibu: Shugabanci, mai yiwuwa. Amma kar ka manta mulkin kama-karya ne, ba kowa ya fita don ransa ya so ba.

Baba Isyaku: Ku yara kuna ta tsallaka teku, ni abin da idona ya gani zan faɗa. Na yi shekaru ina malamin gona. Akwai ƙauyen da muka kafa kwamitin kula da rijiyar burtsatse, kowane gida na ba da ɗan abin da ya sawwaƙa don gyara. Shekarar farko, in aka kira taro har wurin zama ƙaranci yake. Da famfo ya lalace aka ce a kawo kuɗi, sai ma'aji ya fara kame-kame. Babu littafi, babu rasit, kuma ɗan'uwan shugaban kwamitin ne, ba mai iya ɗaga masa murya. Daga ranar ko taron rigakafin dabbobi na kira, mutum biyar ba sa cika. Mutanen nan ba su ƙara talaucewa ba tsakanin bara da bana. An dai cuce su sau ɗaya a bainar jama'a, kuma ba a hukunta kowa ba.

Aminu: Baba, abin da Elinor Ostrom ta yi ta nunawa ke nan, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009. A Nepal an ga hanyoyin ban ruwa da manoma ke gudanarwa da kansu sun fi na hukuma kai ruwa gona, duk da na hukumar sun fi kyan gini. Su suka tsara dokar, su ke sa ido, wanda ya saci ruwa kuma ya san hukuncinsa.

Zainab: Duk kun manta rabin ƙauyen. Wa ke sa lokacin taro? Maza. Su sa shi daidai sa'ar da mace ke tsakanin ɗebo ruwa, girki da raino, sannan a rubuta cewa mata ba su da sha'awa. In ma ta zo, tana can baya, ba a tambayar ta. Indiya ta gyara tsarin mulkinta a 1992, ta ware wa mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauye. Binciken masaniyar tattalin arziki Esther Duflo da abokin aikinta ya gano cewa inda mace ke shugabanci an fi kashe kuɗi kan ruwan sha, a jihar Bengal ta Yamma kuma mata sun fi buɗe baki a taro.

Malam Habibu: A wasu wuraren kuma mijin ne ke mulki, ita sai sa hannu.

Zainab: Gaskiya ne, akwai haka. Amma kujerar ba ta koma wa maza ba, kuma 'yan mata na tasowa suna ganin mace a kanta.

Sagir: Ni fa a ganina a tilasta kawai. Ruwanda na yin aikin gayya Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, wanda ya ƙi a ci shi tara. Shi ke nan.

Baba Isyaku: Ɗana, ana tilasta mutum ya riƙe tsintsiya, ba a tilasta shi ya kawo shawara. Shugaba Julius Nyerere ya gwada a Tanzaniya: daga 1973 aka wajabta komawa ƙauyukan Ujamaa, wato ƙauyukan noman haɗaka, aka kwashe miliyoyin mutane. Gonakin haɗaka ba su yi albarka ba, kowa ƙarfinsa na kan 'yar gonarsa.

Malam Habibu: Na ji, na rage kuɗin maganata. Amma Baba, a ƙauyen nan naka, wa ya iya tsayawa ya tuhumi ma'aji? Ba wanda ke cin bashin iri a hannun shugaban kwamitin ba dai. Bakinsa a ɗaure yake, kuma talauci ne ya ɗaure shi.

Hajiya Rakiya: Wannan kam na ba ka. Sai dai ka lura, ɗazu ka ce talauci ya hana shi zuwa, yanzu kuma ka ce ya hana shi magana.

Baba Isyaku: Wanda ya fara tambayar ina kuɗin ma wata bazawara ce, ba ta bin kowa, ba mai bin ta. Dariya aka yi mata aka tashi.