Muhawara: Shin gyaran saitin silaisa yana ƙara ingancin bugun firintar 3D, ko ɓata lokaci ne?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Zan faɗi abin da mutane da yawa ke jin nauyin faɗa, wato duk wannan wahala da ake sha a kan saitunan silaisa (manhajar da ke yanka zane hawa-hawa ta ba firinta umarnin bugu) ɓata lokaci ne, domin ingancin abin da firintar 3D za ta fitar yana ga ƙirar na'urar, ba ga lambobin da muke cusa wa manhaja ba. Na gwada duka saitunan da ake yabawa, amma har yanzu abin da na buga da robar PLA yana fitowa da siraran zaruruwa tsakanin ginshiƙansa kamar saƙar gizo-gizo, gindinsa kuma yana bajewa ya fi sauran jikin faɗi. Duk mai ƙaramar firinta ya haƙura kawai.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, kalmar nan "duka" ta yi nauyi, domin silaisar Cura kaɗai tana da saituna sama da 400. Ka faɗa mana zafin nozul ɗinka, wato bakin da narkakkiyar roba ke fita, tun da PLA yakan so tsakanin digiri 190 zuwa 220 a ma'aunin Celsius, kuma idan ka yi kusa da ƙarshen wannan iyaka robar takan yi ruwa har ta riƙa ɗiga a lokacin da kan firintar ke tsallakawa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi.

Sabon Shiga: Yallaɓai, na ƙara zafi, na rage gudu, na kuma ƙara tsawon janye filamen (igiyar robar da firinta ke narkawa) baya, duk a bugu ɗaya, kuma ban ga wani bambanci ba.

Tsohon Hannu: Ashe "duka" ɗin guda uku ne, kuma an haɗa su a tashi ɗaya. Ɗana, wanda ya sauya abu uku lokaci guda ba shi da hanyar sanin wanda ya gyara da wanda ya ɓata, balle ma ƙarin zafi yana ƙara zaruruwan da janyewar ke ƙoƙarin ragewa.

Mai Kare Sababbi: Ni ban ga dalilin da ya sa aka tsare bawan Allah a kan kalma ɗaya ba. Kowa ya san idan mutum ya ce ya gwada duka, yana nufin ya yi iyakar ƙoƙarinsa ne, kuma irin wannan tsangwama ce ke sa sababbi su daina tambaya.

Injiniya: Hajiya, a hira ta yau da kullum maganarki gaskiya ce, amma shi hukunci ya yanke a bainar jama'a, ya ce kowa ya haƙura, kuma "duka" ce kaɗai hujjar da ya kawo.

Mai Kare Sababbi: To ai ku ma ba ku kawo hoton bugu ko ɗaya ba, sai gyaran magana.

Ɗan Orca: Da ya yi amfani da silaisar OrcaSlicer, da "duka" ɗinsa ta kusa zama gaskiya, domin a cikinta akwai gwaje-gwajen da aka riga aka shirya: hasumiyar zafi, wadda zafin nozul ke sauka da digiri 5 a kowane matakinta, da gwajin yawan robar da ke fita, da na janyewa. Mutum zai buga hasumiyar, ya ɗaga ta ga haske, ya ga matakin da bangonsa ya yi santsi kuma babu zare, ya ɗauki lambarsa. Masu riƙe da Cura sabo ne kawai ya riƙe su.

Injiniya: Hasumiyar zafi ba sabon abu ba ne, kuma ana yin ta a Cura tun kafin a san Orca.

Malama Mai Prusa: Tun da an zo kan asali, bari a faɗi gaskiya. Orca reshe ce ta Bambu Studio, ita kuma daga PrusaSlicer aka ciro ta, wadda tushenta shi ne Slic3r da Alessandro Ranellucci ya fara a 2011. Don haka mai yabon jika sai ya fara gaida kaka. Game da gindin da ke bajewa kuwa, wanda babu wanda ya waiwaya, yawanci nozul ne ya matse hawan farko a kan farantin da ake bugu a kai, ko farantin ya yi zafi, tun da PLA yana fara laushi a wajen digiri 60, kuma akwai saitin da ke rage faɗin hawan farko da kimanin milimita 0.2.

Ɗan Orca: Malama, tsufa ba shi ne inganci ba, kuma babu wanda ya tambayi tarihi.

Tsohon Hannu: Har yanzu ba a ce mana ko firintar mai dogon bututu ba ce. Idan injin tura filamen yana nesa da nozul, janyewa takan kai milimita 4 zuwa 7, idan kuwa yana bisa kansa, milimita 1 ko 2 sun isa, kuma wuce haka yakan ja narkakkiyar roba zuwa wuri mai sanyi ta toshe hanya.

Sabon Shiga: Ni dai na ga an bar maganata an koma faɗan manhajoji, wanda ya ƙara tabbatar mini da abin da na faɗa tun farko.

Mai Busar da Filamen: Bari in taƙaita wa waɗanda suka zo a makare. Mai tambaya ya ce saituna ba su yi masa amfani ba, kuma duk da doguwar jayayya a kan "duka" da kan wace manhaja ce uwar wata, babu wanda ya iya nuna masa akasin haka. Abin da aka fahimta daga tattaunawar shi ne matsalar ba ta silaisa ba ce, danshi ne filamen ɗinsa ya sha, domin ruwan da ke cikin roba yana zama tururi a cikin nozul, ya riƙa ƙara tas-tas yana turo zare, kamar yadda na daɗe ina faɗa a wannan zaure. Ya busar da shi a digiri 45 na awa huɗu zuwa shida.

Injiniya: Malam, babu wanda ya ambaci danshi kafin kai, kuma mai tambaya bai ce ya ji wata ƙara daga nozul ɗinsa ba.